Maƙoƙo da Ƙarancin Jini: Doguwar Hanyar Mara Lafiya Daga Tudun Wada Zuwa Gaban Ƙwararren Likita

Gabatarwa

Bisa ga al'ada, Bahaushe yakan raɗa wa cuta suna ne gwargwadon abin da idonsa ya gani. Idan gaban wuya ya kumbura, sai ya ce maƙoƙo. Idan tafin hannu da cikin fatar ido suka yi fari, sai ya ce mutum ba shi da jini. Sunayen nan biyu ba su yi ƙarya ba, sai dai kowannensu ya kama alamar da takan zo daga ƙarshe ne, bayan cutar ta daɗe tana cin jiki a ɓoye. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda cututtukan biyu suke, da dangantakar da ke tsakaninsu, da kuma dalilin da ya sa mazaunin ƙasar Tudun Wada, ko Doguwa, ko Kiru, ko Bebeji, yakan sha wuya kafin ya kai ga likitan da ya ƙware a kansu.

Abin da Sunan Bai Faɗa Ba

A gaban maƙogwaron kowane ɗan Adam akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu, wadda nauyinta ga baligi yakan kama daga giram 15 zuwa 25. Likitoci suna kiranta tairod. Hausa ba ta tanadar mata suna ba tana lafiya, sai ta kumbura sannan a ce maƙoƙo. Aikinta shi ne ta tsotsi aidin daga abinci ta sarrafa wani sinadari, tairoksin, wanda ke tsara saurin aikin jiki gaba ɗaya, watau bugun zuciya, da ɗumin jiki, da narkar abinci, har ma da girman ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Baligi yana bukatar maikurogiram 150 na aidin a yini, mai ciki kuwa 250, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Idan aidin ya gaza, sai tsokar ta yi ta ƙara girma don ta kama ɗan abin da ya samu, kumburin nan kuwa shi ne maƙoƙo.

Amma fa tsokar takan lalace ba tare da wuya ya tashi ba ko kaɗan. Idan aikinta ya yi rauni, mutum yakan yi ta kasala da jin sanyi, fata ta bushe, gashi ya riƙa zuba, ciki ya ɗaure, jinin al'adar mace kuma ya yawaita. Idan ko aikin ya wuce kima, sai rama ta zo alhali ana cin abinci sosai, ga zufa, ga karkarwar hannu, ga faɗuwar gaba, wani lokaci idanu su firfito. Duk waɗannan ba su da suna guda a Hausa. Saboda haka mai faɗuwar gaba da rashin barci sau da yawa wajen malami ko mai magani ake fara kai shi, a kan zaton iska ce ko sammu, kuma ba za a ga laifin masu kai shin ba, tun da babu abin da ya nuna musu cewa ciwon a wuya yake.

Shi kuwa ƙarancin jini, ba yawan ruwan jini ne ke raguwa ba, kamar yadda sunan ke nunawa. Abin da ke raguwa shi ne himogulobin, jan sinadarin da ke ɗaukar iska daga huhu zuwa gaɓoɓi, wanda ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe. Ana cewa mace tana da ƙarancin jini idan awonta ya gaza giram 12 a kowace desilita, mai ciki 11, namiji 13. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da shi, yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa kashi 68.

Ƙasar da Abincinta

Kudancin Kano ƙasar noma ce mai albarka. Tudun Wada ta yi suna wajen shinkafa da masara, ruwan sama kuma ya fi sauka a can bisa ga arewacin jihar. To, amma cikar ciki daban, cikar jini daban. Tuwon masara da na shinkafa da na dawa suna ƙosarwa, sai dai ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama da hanta da kifi. Shayin da ake sha tare da abinci yana ƙara tauye tsotsar, lemon tsami da tumatir da gwaiba kuwa suna taimaka mata. Daɗin daɗawa, akwai masu ɗibar jinin ta wasu ƙofofin: zazzaɓin sauro, da tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi a gona, da tsargiya wadda ke bin ruwa mai kwanciya, irin na wuraren noman rani da suka yawaita tun bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. A kan waɗannan duka sai a ɗora haihuwa kusa da kusa.

Ta fuskar aidin kuwa, ƙa'idar da masana suka sani ita ce ƙasa mai duwatsu, mai nisa da teku, wadda ruwan sama ke wankewa shekara da shekaru, takan rasa aidin, amfanin gonarta ma ya rasa. Gishirin gargajiya irin manda da kantun Bilma ba a sa masa aidin. Wannan ne ya sa a 1993, lokacin da aka ƙiyasta kashi 20 cikin ɗari na waɗanda aka auna a Nijeriya suna da maƙoƙo, gwamnati ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Matakin ya yi amfani ƙwarai, domin irin manyan maƙoƙan da tsofaffi ke ba da labari sun ragu. Sai dai gishirin da aka zazzage daga leda aka baza a tire cikin rana da laima a kasuwa, aidin ɗinsa raguwa yake yi, kuma gishiri ba ya maganin cututtukan tairod da ba rashin aidin ne ya kawo su ba, kamar waɗanda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tsokar da kanta.

Inda Cututtukan Biyu Suka Haɗu

A nan ne lamarin ya fi sarƙaƙiya. Na'urar da tairod ke amfani da ita wajen ɗaura aidin a jikin tairoksin, ita ma sai da ƙarfe take aiki. Wani bincike da Michael Zimmermann da abokan aikinsa suka buga a 2000 a kan yara masu maƙoƙo a ƙasar Kwaddebuwa ya gano cewa waɗanda ke da ƙarancin ƙarfe maƙoƙonsu bai sauka yadda ya kamata ba ko da aka ba su aidin. Ta ɗaya ɓangaren kuma, macen da tairod ɗinta ya yi rauni takan yi ta zubar da jinin al'ada fiye da ƙima, ƙarfen jikinta ya ƙara tsiyayewa. Ke nan kowace cuta tana ciyar da 'yar'uwarta. Har magungunansu ma ba sa shiri: ƙwayar ƙarfe tana hana jiki tsotsar lebotairoksin, maganin raunin tairod, shi ya sa ake son a raba shansu da kamar awa 4. Wanda ba a gaya masa haka ba zai yi ta sha a tare, yana mamakin rashin samun sauƙi.

Alamomin kuma kusan iri ɗaya ne. A ɗauki misalin mace mai jego a wani ƙauye na Doguwa, wata uku da haihuwa, tana fama da kasala da haki da bugun zuciya. Wannan na iya zama ƙarancin jini. Yana iya zama kumburin tairod da kan biyo bayan haihuwa. Yana kuma iya zama ciwon zuciyar masu jego, wanda likitoci Davidson da Parry suka yi nazarinsa a Zariya cikin shekarun 1970, suka danganta yawansa da wankan jego da kunun kanwa. Cututtuka uku, magani uku mabambanta, amma a bakin mai jegon da uwar ɗakinta kalma ɗaya ce, "jiki ba ƙarfi". Ido ba ya raba su, ko da na likita ne. Awo kaɗai ke rabawa.

Hanyar Birni

Matakin farko ga mara lafiya galibi kemis ne, inda za a ba ta kwalbar maganin ƙarin jini. A gida kuma a haɗa mata da zoɓo, ko maltina da madara, bisa ga imanin cewa ja ko kauri yana ƙara jini. Idan abin ya ƙi, sai asibitin sha-ka-tafi, daga nan sai babban asibitin ƙaramar hukuma. A wannan mataki ana iya auna yawan jini, a duba zazzaɓi, a yi ƙarin jini idan ya yi ƙasa ainun. Ƙarin jini yana ceton rai, amma ba ya faɗin abin da ya ɗebe jinin tun farko. Don a tabbatar ƙarfe ne ya gaza, sai an auna feritin, watau rumbun ƙarfen jiki, shi ma kuma zazzaɓi ko kumburi yakan ɗaga shi ya ruɗi mai karantawa. Dole kuma a tantance ko akwai sikila, domin mai sikila da aka sha ƙara wa jini ƙarfe yawa yake yi masa, ƙwayar ƙarfe sai ta cutar da shi. Shi kuma tairod ana gane halinsa ne da awon TSH da T4, wani lokaci da hoton wuya, ko a tsaga ƙullin da allura a duba ko akwai daji. Irin waɗannan gwaje-gwaje, da likitocin da suka ƙware a cututtukan jini da na sinadaran jiki, a manyan birane suka taru, a wurare kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya.

Daga garin Tudun Wada zuwa Kano, ta Kwanar Dangora, tafiyar kusan kilomita 100 ce. Mutumin Riruwai kuwa sai ya ratsa dajin Falgore kafin ma ya iso Tudun Wada. Mai kallo daga nesa zai ce ai tafiyar yini ɗaya ce, mene ne abin wahala? Amsar ita ce ba zuwa ɗaya ba ne. Ranar farko ta yankar kati ce da ganin likitan kowa da kowa. Ƙwararru kuwa ranakun ganin marasa lafiyarsu ƙayyadaddu ne a mako, don haka sai a ba da rana. Ranar awo daban, ranar karɓar sakamako daban. Bayan an fara lebotairoksin, ana sake awon TSH bayan mako 6 zuwa 8 don a daidaita adadin ƙwayar, kuma mafi yawan masu shanta har iyakar rai ne. Mai tairod da ya wuce kima yakan sha kabimazol wata 12 zuwa 18, da awo a kai a kai, idan bai yi ba sai tiyata, ko a nufi inda ake maganin da aidin mai tiriri, irin Ibadan ko Abuja. Ƙwayar ƙarfe ma ana ci gaba da ita kamar wata 3 bayan jini ya dawo daidai, don rumbu ya cika, alhali da yawa kan daina da zarar sun ga bayan gida ya yi baƙi ko ciki ya ɗaure, ba su san haka ɗabi'ar maganin take ba.

Kowace tafiya kuma kuɗin mota ne na mutum biyu, tun da matar aure ba ta cika zuwa birni ita kaɗai ba, ga izinin maigida, ga wanda za a bar wa yara, ga masauki idan dare ya yi. Idan ranar ta faɗo tsakiyar damina ko lokacin yankan shinkafa, sanin kowa ne wadda za a zaɓa tsakanin gona da asibiti. Ciwon da ba ya kayar da mutum nan take, a gidan manomi jira yake yi sai kaka ta yi. Likita a birni zai rubuta cewa mara lafiya ba ta dawo ba, kamar sakaci ne, alhali lissafi ne iyalin suka yi, buhu nawa za a sayar.

Dokoki dai an yi su. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 wadda ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, Jihar Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya a 2016, sannan dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Amma inshora ba ta biyan kuɗin mota, kuma ba ta rage nisan Falgore.

Abin lura shi ne, ba duk aikin nan ne ke bukatar ƙwararre ba. Jinin awon TSH da feritin ana iya ɗibarsa a Tudun Wada ko Kiru, a sa shi cikin sanyi a aika birni, sakamako ya dawo ta waya, watau kwalba ta yi tafiyar maimakon mai jego. Likitan babban asibiti yana iya ci gaba da daidaita lebotairoksin bayan ƙwararre ya ɗora mara lafiya a kai, a bar wa birni masu ƙulli mai tauri ko mai saurin girma, da masu shaƙewar murya ko wahalar haɗiya, da masu ciki, da waɗanda jininsu ya ƙi tashi bayan an sha ƙarfe wata da watanni. Awon ciki kuwa shi ne ƙofar da ta fi kusa da mata, domin a can ake raba ƙwayar ƙarfe da folik asid, kuma ungozomar asibiti da ta saba taɓa wuya tana tambayar jin sanyi da zubar gashi za ta tsinci wasu tun da wuri.

Ga ɗalibin Hausa ma akwai aiki a nan. Muddin ma'aikacin lafiya ba shi da abin faɗi sai "maƙoƙo", matar da wuyanta ke sumul za ta shafa ta ce ita ba ta da shi, ta ajiye ƙwayar. Muddin kuma "ƙarin jini" yana nufin kwalbar kemis, da ledar jini, da kofin zoɓo duk a lokaci guda, to, wanda aka ce ya sha ƙwaya wata shida zai ɗauka kwalba ɗaya ta wadatar. Ana bukatar kalmar da za ta kira tsokar wuyan tana lafiya, da wadda za ta raba rauninta da wuce kimarta, da wadda za ta bambanta jinin da ke yawo a jijiya da ƙarfen da ke ajiye a rumbu, kuma waɗanda za a gwada kalmomin a kansu su ne matan da ke zaune a layin awo ranar kasuwar Tudun Wada.