Sayar da Abin da Bashi Bai Sake Shi Ba

A ƙasar Amurka akwai wani irin gida da ake ƙerawa a masana'anta, a ja shi da mota a kai shi inda za a girke, watau gidan tafi-da-gidanka. A jihohi da yawa takardarsa irin ta mota ce, kuma idan da rance aka saye shi, sunan mai ba da rancen yana kanta har ranar da aka gama biya. Mai gidan yana kwana a ciki, amma ba shi da ikon miƙa wa wani takardar sai bashin ya fita.

Hausawan Jidda ba su zauna a irin wannan gida ba, amma sun san matsalar ta fuskar mota. Unguwar Nuzla ta daɗe tana cikin wuraren da zuriyar alhazan Afirka ta Yamma suka yi kaka-gida. Da hukuma ta soma rushe tsofaffin unguwannin birnin a ƙarshen 2021, Nuzla Yamaniyya tana cikin waɗanda abin ya shafa. To, wanda tashi ya kama, ga kuɗin sabuwar haya, kadarar da ya fi saurin tunawa da ita ita ce motarsa. Sau da yawa kuwa ba a gama biyan kuɗinta ba.

Bisa dokar da Sa'udiyya ta kafa a 2012, motar da aka ɗauka haya da nufin mallaka daga baya ta kamfanin da ya ba da ita ce, sunansa ne a takarda. Mai tuƙa ta ɗan haya ne har ya kai biya na ƙarshe. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da shimfiɗa irin wannan ƙa'ida a babin jingina: abin da aka jinginar ba a sayar da shi sai da yardar mai bin bashi.

Hanyoyin halal uku ne. Ta farko, mutum ya biya ragowar gaba ɗaya. Babban bankin ƙasar ya ƙayyade cewa abin da kamfani zai ɗora saboda biyan wuri kada ya wuce ribar watanni uku masu zuwa. Ta biyu, mai saye ya biya kamfani kai tsaye. Misali, an yi ciniki a kan riyal 40,000, saura bashi 25,000: kamfani ya karɓi nasa, ya ba da takardar sallama, mai mota ya tashi da 15,000. Ta uku, a mai da yarjejeniyar kan mai saye, bayan kamfani ya duba tarihin bashinsa a hukumar SIMAH, ya amince.

Hanyar da ke jawo da-na-sani ita ce ta amana kawai: a karɓi wani abu a hannu, a miƙa makulli, mai saye ya yi alkawarin ci gaba da biyan wata-wata. Idan ya yi jinkiri, sunan mai sayarwa ne yake ɓaci. Idan na'urar Saher ta kama shi yana gudu, tarar tana bin wanda aka rubuta a matsayin mai amfani da motar, baƙo kuwa ba ya samun bizar fita ta ƙarshe sai ya biya tararsa. Shi ma mai saye bai tsira ba, domin ko ya biya shekara biyu babu fashi, kamfani bai san da zamansa ba.

Saboda haka, kafin a yi maganar farashi, a fara neman takardar ragowar bashi daga kamfani. Idan ragowar ta fi abin da motar za ta yi a kasuwa, to, mai sayarwa ne zai cika daga aljihunsa, gwamma ya san haka tun kafin ya tara shaidu.