Kafin ka sayi ƙarfen ɗagawa na gida

Da an kai amfanin gona rumbu, samarin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji sai su koma kan jikinsu, don lokacin kokawa ya zo. Jihar Maradi ta san ƙarfi tun ba yau ba: Yakuba Kantu ne ya fara ɗaukar takobin kokawa na ƙasa a Tawa a 1975, kuma sunansa aka sa wa filin kokawar Maradi. Saurayin da ke son gina jiki a ƙauye ba shi da gidan motsa jiki a kusa, don haka tsakar gida ce filinsa, ƙarfen da ya samu kuma shi ne abokin aikinsa. Shawarata gare shi ita ce ya zuba kuɗinsa a kan sandar ƙarfen. Nauyin da ake zurawa a gefenta ana iya yin sa ko da siminti, amma sanda in ta ci amana, ƙashi ne ke biya.

Sanda iri biyu ce a kasuwa. Akwai irin ta gasar Olamfik: ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2 da santimita 20, kaurin wurin riƙo milimita 28, ta mata kilo 15, kaurinta milimita 25. Bakinta biyu, inda ake zura fayafayan nauyi, kaurinsu milimita 50, kuma suna juyawa da kansu. Juyawar nan tana da dalili. Idan ka fizgo ƙarfe daga ƙasa zuwa kafaɗa, fayafayai kan so su ci gaba da birgima, in bakin sandar a kafe yake sai su murɗe maka wuyan hannu. Ɗaya irin kuwa siririya ce daga farko har ƙarshe, galibi milimita 25 zuwa 30, ta fi araha, ta fi gajarta, kuma ta ishi mai farawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sayo sanda a wani shago, fayafayai a wani, ya iso gida ya tarar ramin faifan bai shiga ba, ko ya yi masa yawa yana kwaramniya. In za ka Maradi sayayya, tafi da tef ɗin awo na tela a aljihu, ka zura faifan a sandar da hannunka kafin ka miƙa kuɗi. Ka kuma auna inda za ka yi atisayen tun kana gida. Sanda mai tsawon fiye da mita 2 tana son fili a kowane gefe. A ƙaramin ɗaki ko zaure, mai mita 1.5 ko 1.8 ta fi dacewa.

Yawancinmu dai wurin mai walda za mu je, kuma ba laifi ba ne in an san abin da za a ce masa. Kada ka yarda da bututun ruwa. Cikinsa kogo ne, yana lanƙwasa a hankali, wata rana ya karye daidai inda tsatsa ta ci shi. Na taɓa ganin wanda aka dasa a gwangwanaye biyu na siminti, tsakiyarsa ta rusuna kamar bakan maharbi, yaran unguwa kuma suna ta layi suna kwanciya a ƙarƙashinsa. Abin ya tsaya mini a rai. Rodin gini mai gaɓa-gaɓa shi ma bai dace ba, yana yage tafin hannu, kuma siririnsa na lanƙwasa da wuri. Nemi ƙarfe cikakke, mulmulalle. Nauyi ne ke tona asirinsa: mai kaurin milimita 25 yana kai kusan kilo 4 a kowace mita, saboda haka sanda mai mita 1.8 da ba ta kusanci kilo 7 a sikeli ba, akwai iska a cikinta.

Sai gwajin miƙewa. Ajiye sandar a kan daɓen siminti, ka tura ta da ƙafa a hankali. Miƙaƙƙiya tana gangarawa sumul, lanƙwasasshiya kuwa tana ɗingishi, tsakiyarta na ɗagawa tana sauka. Ka shafa wurin riƙon: sandar kamfani tana da ɗan kaushi da aka zana mata don kada gumi ya sa ta suɓuce, in ya side, sandar ta tsufa. Ka kuma ce wa mai walda ya liƙa zobe a kowane gefe, a nisa ɗaya daga tsakiya, don fayafayai su tsaya a nan. Daga waje a sa maɗauri mai noti. Faifai ɗaya in ya zame, ɗaya gefen kan rinjaya nan take.

In siminti za ka zuba, lita ɗaya ta kankare tana ɗan haura kilo 2, wato gwangwanin lita 5 zai ba ka kilo 11 zuwa 12. Kada ka dasa sandar a cikinsa, don nauyin zai kafe wuri ɗaya har abada. Sa guntun bututu a tsakiya ya zama rami, ka riƙa yayyafa wa simintin ruwa na mako guda kada ya tsage, sannan ka kai fayafayan biyu wurin mai sikelin hatsi ka tabbata nauyinsu ɗaya ne.

Ƙurar hunturu na shiga bakin sanda mai juyawa ta daskarar da shi, danshin damina kuma na kawo tsatsa. Goge ta da tsumma da ɗigon man inji, ka ɗora ta kan itace a cikin ɗaki, kada ta kwana a yashi. Ranar da za ka kwanta kan benci ka tura ƙarfe daga ƙirji, kira ƙanenka ko abokinka ya tsaya wajen kanka, hannuwansa kusa da sandar.