Daga Danja Zuwa Shika: A Aika Bugun Zuciya Ta Waya

Mace ta haihu lafiya, an yi suna, ana cikin wankan jego, sai ƙafafunta su fara kumbura. Da dare ba ta iya kwanciya, sai dai ta jingina da bango tana haki. A garuruwan Danja irin su Dabai ko Kahutu akan ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa. Alhali sau da yawa zuciya ce ta gaza.

Cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci suka yi nazarinta a Zariya, kuma Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Malam Aminu Kano ya daɗe yana bin diddiginta tsakanin masu jego. To amma likitan zuciya yana asibitin Shika ko Kano ko Katsina. Manomin tumatir kuwa ba zai ɗauki shatar mota a kan zato ba, sai abu ya ci tura.

A nan wayar salula za ta yi rana. Ma'aikaciyar lafiya ta auna hawan jini, ta manna wayoyi 10 a ƙirji da hannuwa da ƙafafun mai jego, na'ura ta zana bugun zuciyarta, a tura wa ƙwararre ta intanet. Yana daga ofishinsa zai ce a fara ba ta maganin rage ruwan jiki, ko a kawo ta yau-yau. A Kamaru, injiniya Arthur Zang ya ƙera Cardiopad don wannan aiki, har ta ci kyautar ƙere-ƙere ta Afirka a 2016.

Kada a ɗora wa na'ura abin da ba ta iyawa. Zanen bugu kaɗai ba ya tabbatar da cutar, sai an ɗauki hoton zuciyar an ga yadda take matsawa. Amfaninsa shi ne a gane da wuri wadda ba ta da lokacin jira.

Kuma na'ura ba ta aiki sai da wutar sola, da sabis mai ƙarfi, da likitan da aka biya don ya amsa ko da tsakar dare. Gwamnatin Jihar Katsina da ƙaramar hukumar Danja su fara ko da cibiya ɗaya ce. Kai kuma maigida, in mai jego tana haki, a tafi asibiti a ranar.