Samarin Bamako da masu hoton da suka kula da su

Tela da mai zane da mai ɗaukar hoto, kowannensu na da ranar da basira ke ƙafe masa. Maganin da matasan yau suka fi rugawa gare shi shi ne waya: a buɗe Instagram, a yi ta jan yatsa har a ci karo da ɗinkin Dubai ko na Faris, a kwafo. Kallon aikin wasu ba laifi ba ne, amma shi ya sa ake zuwa biki a tarar da riguna goma kamar an tsaga kara. Wasu masu hoto biyu na Bamako, babban birnin Mali, wata hanyar suka bi, kuma abin da suka yi aiki da shi bai wuce mutanen unguwarsu ba.

Na farko shi ne Seydou Keïta, ɗan kafinta da ya buɗe shagon hoto a 1948. Saboda tsadar fim, yawanci sau ɗaya yake danna kyamara ga kowane mutum, don haka dole ya gama tunani kafin ya danna. Ya tanadi agogo, alƙalami, rediyo da babur ƙirar Vespa, yana ara wa mai son ya fito da kamar mai hali. Labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane zanen gadonsa ne. Gwanintarsa ta fi fitowa a hoton mata: zanen da ke jikin mace yana da nasa adon, labulen bayanta yana da nasa, su biyun su haɗu ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Duk telan da ya taɓa rasa yadda zai haɗa atamfa biyu a riga guda ya san wahalar wannan.

Na biyun, Malick Sidibé, shi ya fitar da kyamara daga shago ya kai ta titi. Bafulatani ne daga ƙauyen Soloba, ya yi kiwo yana yaro, kuma tun yana ƙarami ido ɗaya ya lalace masa. Zane ya kai shi makarantar sana'o'in hannu ta Bamako. A 1955 wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya ɗauke shi ya yi wa shagon ado, daga nan ya zama yaron shago.

Mali ta sami 'yanci a 1960, garin ya cika da samari da 'yan mata masu ji da kansu. Kowace unguwa da ƙungiyarta ta abokai, suna haɗa rawa da dare, suna sauraron fayafayan Kuba da na James Brown, suna kai wa teloli yadi a yanka musu wando mai faɗin ƙafa. Manya na ganin shiririta ce, gwamnatin shugaban ƙasa Modibo Keïta ma ba ta so abin ba, har 'yan sintirinta kan takura wa masu gajeren siket. Sidibé kuwa sai ya hau keke ya bi su. A dare ɗaya yakan leƙa wuraren rawa da dama, ya dawo ya wanke fim kafin gari ya waye, ya manna ƙananan hotuna a jikin kwali, masu rawar su zo su zaɓi wanda za a buga musu su biya. Ranar Lahadi kuma yana bakin kogin Neja inda suke wanka. Hotonsa da ya fi shahara, na 1963, saurayi ne da budurwa suna rawa, ita ba takalmi, goshinsu na gab da haɗuwa.

A ganina abin lura a nan shi ne Sidibé bai ɗauki kansa mai babban aiki ba. Neman abinci yake yi, kwastomominsa kuma yaran gari ne. Sai dai ya kalle su da mutunci a lokacin da ake raina su, ya kula da yanayin tsayuwarsu da karkatar hularsu, sannan ya adana fina-finansa cikin kwalaye da kwanan wata. Da hoton kala ya shigo kasuwa ta ja baya, ya koma gyaran kyamarori, amma bai zubar da kwalayen ba. Su aka buɗe bayan 1990 duniya ta san shi. Ya karɓi kyautar Hasselblad a 2003, sannan a 2007 bikin baje kolin fasaha na Benis a Italiya ya ba shi Zakin Zinare na aikin rayuwa, shi ne mai hoto na farko da ya samu. Ya rasu a 2016.

Irin wannan kaya yana nan jibge a Kano da Zariya da Damagaram: adon da ake yi wa Adaidaita Sahu, rubutun bayan manyan motoci, lallen amare, aska takwas a ƙirjin babbar riga, shuɗin marinar Ƙofar Mata, launukan da ke jere a Kantin Kwari. Yawancinsu suna sauyawa ba tare da wani ya ajiye tarihinsu ba, hotunan da ake ɗauka kuma kan tafi tare da wayar da ta ɓata. A Legas mai hoto J.D. 'Okhai Ojeikere ya hango haka game da kitso. Daga 1968 ya dinga ɗaukar kawunan mata a titi da ofis da wurin biki, galibi ta ƙeya don tsarin kitson ya fito sosai, har ya tara hotuna kusan 1,000.