Me ya sa manhajar da aka rubuta daidai take ƙin haɗuwa?

Ɗalibin kwamfuta a Tudun Wada, Zariya, ya ƙona datarsa ya sauke rubutun tushen wata manhaja ta kyauta, ya jira wuta ta dawo, ya ba da umarnin make. Can sai aikin ya tsaya da saƙon "undefined reference". Ire-irensa na ƙaruwa tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan 3, kuma da yawansu tsohuwar na'urarsu suke zargi, alhali ba laifinta ba ne.

Ginin manhaja mataki biyu ne. Da farko kompaila irin GCC, wadda Richard Stallman ya fitar a 1987, tana mayar da rubutun mutum harshen na'ura, fayil bayan fayil. Daga nan sai mahaɗi, wato ld, ya ɗinke gutsattsarin da laburare, ayyukan da wasu suka riga suka rubuta. Tela ne da aka miƙa wa yankakken yadi: in zare bai iso ba, ba riga.

Idan sqrt aka rasa, an manta -lm ne, ko an sa shi kafin sunan fayil, domin ld daga hagu zuwa dama yake karatu. Idan ya ce bai ga -lssl ba, a Ubuntu kunshin libssl-dev ne babu. Idan kuwa manhajar ta ginu ta ƙi tashi, umarnin ldd zai nuna laburaren da ya ɓace.

A nan ne ake yin ganganci. Da Ubuntu 22.04 ta koma OpenSSL 3, tsofaffin manhajoji suka ci gaba da neman libssl.so.1.1, masu gaggawa suka riƙa kwafo fayil ɗin daga duk shafin da suka samu. Laburaren da aka haɗa kuwa ikonsa daidai yake da na manhajar, har kan kalmomin sirri.

A Maris 2024 Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga ta SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ya tarar da ɓarauniyar ƙofa a xz 5.6.0 da 5.6.1, an ɓoye ta cikin fayilolin gwaji da umarnin gini. Ta isa sshd ne ta hanyar haɗi: sshd ya jawo libsystemd, shi kuma ya jawo liblzma. Debian da Fedora suka gaggauta komawa tsohon zubi kafin ta shiga fitowarsu ta gama-gari.