Yadda Za Ka Zaɓi Kabad Da Kantar Da Ba Za Su Kashe Maka Waya Da Batir Ba

Da yawanmu za mu iya kwana uku muna binciken wayar da za mu saya, mu kwatanta kyamara da RAM da girman batir. Amma da zarar an shigo da ita gida, sai ka tarar tana caji a ƙarƙashin filo, fawa bank na saman sif, caja uku sun cukurkuɗe a durowa ɗaya. Inda kake ajiye na'ura yana da hannu a tsawon kwananta. Don haka kafin ka ba kafinta kuɗin kabad, ko ka ɗauko teburin talabijin saboda ƙyallinsa, duba waɗannan abubuwa.

Zafi ne babban abokin gaba

Kamfanin Apple ya bayyana cewa iPhone an yi ta ne don aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma zafin da ya haura haka yana rage ƙarfin batir dindindin. Batirin sauran wayoyi ma iri ɗaya ne, wato litiyam. To ka tuna cewa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafin watan Afrilu kan zarce digiri 40. Idan ka rufe waya tana caji a cikin durowar da iska ba ta shiga, zafin caji ya haɗu da na gari, kai da kanka kake gasa ta.

Saboda haka wajen caji ya zama buɗaɗɗe, ko kuma kabad mai ramukan iska a baya. Haka dikoda da PlayStation: a bar musu sarari ta gefe da ta baya. Tsohuwar waya ko fawa bank da za ka daɗe ba ka taɓa ba, ajiye su da caji kamar kashi 50 cikin ɗari, nesa da tagar da rana ke bugawa.

Ƙura kuma fa?

Nan ne ake samun cin karo. Buɗaɗɗiyar kanta tana ba da iska, amma da hunturu ya shigo sai ƙura ta cika ramin caji da fankar laftof. Mafita ita ce a raba gida biyu. Abin da ke kunne ya zauna a fili, a riƙa goge shi. Abin da ke kashe, irin su kyamara, hedifon da kebul na ajiya, ya shiga durowa ko sashe mai murfin gilashi.

Rauta kuwa kada ka kuskura ka ɓoye ta a kabad ɗin ƙarfe don ɗaki ya yi kyau. Ƙarfe yana tare siginar Wi-Fi. Ɗora ta a saman kanta, a fili.

Tambayi kafinta da wane katako zai yi

Yawancin kayan ɗaki masu sheƙi da ake yayi yanzu da MDF ake yin su, wato garin katako da aka danne da gam. Yana da santsi, yana karɓar fenti, ga sauƙin kuɗi. Matsalarsa ruwa: da ya jiƙe sai ya kumbura, kuma ba ya komawa daidai. Idan ɗakinka yana damshi da damina, ko ana yawan wanke ƙasa, ka nemi filawud ko katako zalla, ko a sa wa kabad ɗin ƙafafu ya tashi daga ƙasa. Katako zalla kuma a yi masa maganin gara.

Kaurin allon da za a ɗora wa kaya kada ya gaza milimita 18. Idan kantar doguwa ce, a sa mata abin tokare a tsakiya, in ba haka ba za ka ga ta fara lanƙwasa. Ka kuma ce a huda maka ramin wayoyi a baya, mai faɗin da kan caja zai wuce, don kada daga baya ka kama fasa sabon kabad da wuƙa.

Batirin inbata ba kayan durowa ba ne

Batirin ruwa mai 200Ah nauyinsa ya kai kusan kilo 60, kuma yayin caji yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. Rufe shi cikin kabad ɗin katako a ɗakin kwana ganganci ne. Abin da ya dace da shi shi ne mazauni na ƙarfe a wurin da iska ke ratsawa, irin wanda masu walda ke haɗawa, a Panteka ta Kaduna ko a unguwarku.

Nauyi yana da wani haɗarin. A shekarar 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun rifto kan yara sun yi ajalinsu. Duk doguwar kanta ko sif, a ɗaure ta da bango, a sa kaya masu nauyi a ƙasa, musamman in akwai ƙanne ko 'ya'ya masu hawa.

Auna kafin ka biya

Wayarka za ta taimaka a nan. Manhajar Measure da ke iPhone tana ba da kimanin awo ta kyamara, amma ka tabbatar da tef ɗin awo kafin a yanka katako. Auna bangon, auna faɗin ƙofar da za a shigo da kayan, sannan ka lura da inda soket yake don kada kabad ya rufe shi. Ɗauki hoton wurin ka nuna wa kafinta tare da samfurin da kake so.

Launi da ado su zo daga ƙarshe, kuma wannan zaɓinka ne. Amma kafin nan, tara duk na'urorinka a kan gado ka ƙirga su, ka ware masu kwana a kunne da masu ajiya. Wannan lissafin ne zai gaya maka irin kabad ɗin da kake bukata.