Kwale-kwalen roba a kwazazzabon Shuɗin Nilu

Ɗalibin da ya nemi Habasha a taswira zai ga Tafkin Tana a kan tsaunuka, kimanin mita 1,800 sama da teku. Daga nan kogin Shuɗin Nilu, wanda Habashawa ke kira Abay, yake gangarowa ya shige wani kwazazzabo da zurfinsa ya haura mita dubu. Hanyar ta yi ƙunci, gangaren ya yi yawa, ga duwatsu birjik, don haka ruwan yake tafasa yana fitar da farin kumfa. Irin wannan ruwa ne masu wasan kwale-kwalen roba ke nema.

Suna kasa haɗarin ruwa mataki shida. Na ɗaya ko ɗan koyo zai wuce, na shida kuwa ko gwanaye sukan kauce masa. Kowa na sanye da rigar hana nutsewa da hular kwano, jagora na baya yana ba da umarni, matuƙa na tuƙi tare. Idan aka doshi wuri mai haɗari, sai a tsaya a hau dutse a duba. In bai biyuwa, a ɗauki kwale-kwalen da kaya a zagaya ta tudu. Wanda ya faɗa ruwa zai kwanta rigingine ya miƙe ƙafafunsa gaba, don su daki dutse kafin kansa, har a jefa masa igiya.

A 1968, Sarkin Habasha Haile Selassie ya gayyaci ayarin sojojin Birtaniya da masana kimiyya, ƙarƙashin Kyaftin John Blashford-Snell, su binciki kwazazzabon. Sun sha fama da kadoji, 'yan fashi sun buɗe musu wuta, kuma ɗaya daga cikinsu, Ian Macleod, ruwa ya ci shi. A irin wannan wuri babu asibiti kusa, babu titin mota. Duk abin da ya faru, ayarin ne zai ji da kansa.

Sai a 2004 aka samu waɗanda suka bi kogin tun daga mafarinsa har teku. Amurkawa biyu, Pasquale Scaturro da Gordon Brown, sun tashi ranar 25 ga Disamba 2003, suka ratsa Habasha da Sudan da Masar, suka isa Bahar Rum ranar 28 ga Afrilu 2004.

Kogin nan ba baƙonmu ba ne. Bayan ya bar tsaunuka ya lafa a cikin Sudan, yana wucewa ta garin Mai Wurno kusa da Sennar. Ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya kafa garin bayan yaƙin Burmi na 1903. Ruwan da ke kifar da kwale-kwale a Habasha, shi Hausawa da Fulanin can ke ban-ruwa da shi, kafin ya haɗu da Farin Nilu a Khartum.